Matse Ƙofar Haske Ba Ya Ƙara wa Hoton Sama Kyau

Sanin kowa ne cewa jirgi maras matuƙi ya shigo cikin sana'ar ɗaukar hoto, har masu nazarin al'adu sun fara dogara da shi wajen adana surar ganuwa da kasuwa da hawan salla. Sai dai kuma da yawa daga cikin hotunan sukan fito dishi-dishi, kuma galibi laifin yana ga zaɓen ƙofar haske, wato ramin nan da haske yake bi ya shiga kyamara.

Da lambobi ake auna faɗin wannan ƙofa: f/2.8 buɗaɗɗiya ce, f/11 kuwa tsukakkiya. Jirgin Mavic 2 Pro, wanda kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fitar a 2018, yana ba mai shi zaɓi tsakanin waɗannan iyakoki biyu. Masu ɗaukar hoto a ƙasa sun saba matse ƙofar domin abin da ke kusa da na nesa su fito tare. Wannan dabara ba ta da muhalli a sama. Jirgin da ya yi nisan mita 60 daga ƙasa ba shi da wani abu kusa da shi, gilashinsa kuwa yakan fito da duk abin da ya wuce 'yan mitoci sarai.

Hasali ma matsewar tana da illa biyu. Ta farko, idan haske ya ratsa ƙanƙanen rami sai ya bazu, gefunan abubuwa su dushe, kuma ƙananan kyamarori irin na waɗannan jirage sun fi saurin nuna wannan aibi. Ta biyu, hasken da ke shiga a f/11 kashi 1 ne cikin 8 na wanda ke shiga a f/4. Tilas murfin kyamara ya daɗe a buɗe, alhali jirgin yana rawa cikin iska, sai hoton ya jirwaye.

Wani zai ce ai buɗe ƙofar gaba ɗaya ma yakan dusasar da kusurwoyin hoto. Gaskiya ne, shi ya sa tsaka-tsaki ya fi, wato f/4 zuwa f/5.6. In rana ta yi ƙarfi, sai a ƙara saurin murfi. In majigi ake ɗauka, a sanya wa gilashin tabarau mai duhu. Hazon hunturu kuwa babu lambar da ke maganinsa, sai dai a rage tsawo ko a jira ya washe.

Ganuwar Kano tana zaizayewa, hawan bana kuma ba ya dawowa domin a sake ɗaukarsa. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya gwada kowace lamba a wuri guda, ya kwatanta sakamakon, tun kafin ranar aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.