Daga Dandali Zuwa Makaranta: Makomar Kokawa da Dambe da Langa

Babu wata al'umma a doron ƙasa da ba ta da wasannin motsa jiki, kuma kowane wasa yana da tushe a cikin sana'a da yanayin rayuwar mutanen da suka ƙirƙiro shi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, abin da ke ɗaukaka wasa daga dandalin ƙauye zuwa idon duniya abu biyu ne: rubutacciyar doka da kuma makaranta. Rashin su ne ya sa wasanninmu na gargajiya suka tsaya cik.

Idan aka dubi ƙasashen Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, za a ga wasanninsu sun tashi ne daga noma da kiwo da yaƙi. Da kaka, bayan an kai gero da dawa rumbu, samari kan taru a dandali ko a gefen kasuwa su yi kokawa, domin a san gwanin kowane gari. Dambe kuwa, asalinsa wasan mahauta ne, waɗanda kan zaga garuruwa lokacin bukukuwa. Kalmomin wasan kansu suna nuna alaƙarsa da yaƙi: hannun da aka naɗe shi ne mashi, ɗaya hannun garkuwa, kayar da abokin karawa kuma kisa ake ce masa. Ba abin mamaki ba ne irin wannan wasa ya karɓu a ƙasar Ruma, wadda ta yi suna da mayaƙa irin su Ɗanwaire. Yara kuma suna da langa, inda ake riƙe ƙafa ɗaya a yi tsalle da ɗaya, Fulanin dajin Rugu kuwa suna da sharo.

To, yaya wasannin Turawa suka faro? Ƙwallon ƙafa ma wasan ƙauye ne a Ingila, ana yin sa da ture-ture da hayaniya, kowane gari da irin tsarinsa. Makarantu ne suka fara daidaita shi, sannan a 1863 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa a Landan, ta rubuta doka guda. Haka damben zamani ya sami dokokinsa a 1867, aka wajabta safar hannu, aka ƙayyade minti 3 ga kowane turmi. Da Turawan mulkin mallaka suka zo ƙasarmu, ta hanyar makaranta da bariki suka shigo da wasanninsu. A Katsina, Kwalejin da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ta horar da ɗalibanta wasannin Ingila, su kuma suka yaɗa su duk inda aka tura su koyarwa. Wasan folo ya sami gindin zama a fada tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, har ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa. Darasin a fili yake: wasan da hukuma ta runguma shi ke yaɗuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara ta Turawa ce kaɗai. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun gwada ta a kan kokawa. A 1975 suka fara gasar ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan jihohin ƙasar ke karɓar baƙuncin gasar bi da bi, da alƙalai da dokoki da filaye na musamman, ana watsa ta a rediyo da talabijin. Daga Batsari zuwa Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce, harshe ɗaya, al'ada ɗaya. Me ya hana mu?

Akwai masu cewa waɗannan wasanni cike suke da tsafi da layu da caca da shaye-shaye, ga kuma rauni da kan kai ga naƙasa, musamman a dambe. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai illolin da aka lissafa 'ya'yan rashin doka ne. Idan aka raba 'yan wasa gwargwadon nauyi da shekaru, aka binciki naɗin hannu, aka ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fage, aka kori 'yan caca, mafi yawan illar za ta kau. Kokawa da langa kuwa ba sa buƙatar komai sai yashi da alƙali, don haka makarantar ƙauye da ba ta da kuɗin sayen ƙwallo tana iya ɗaukarsu gobe.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da yankin ya shiga. Hare-haren 'yan bindiga na shekarun baya-bayan nan sun tayar da ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, wasan dare ya ɗauke a wurare da yawa, yara sun taso a birni ba su san kiɗan kokawa ba. Gwanayen da suka san dabarun wasa da kirarinsa suna tsufa. Idan suka tafi ba a rubuta ba, an yi asarar wasan da kuma kalmominsa, wato wani ɓangare na harshen Hausa.

Saboda haka, nauyi ya rataya a wuyan ɗaliban kwalejojin ilimi, irin su Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, domin su ne malaman gobe. Ya kamata ɗalibin Hausa ya je wurin tsofaffin 'yan kokawa da makaɗa ya tattara kalmomi da dokoki, sashen motsa jiki ya tsara su, ƙananan hukumomi kuma su sa gasar kokawa da langa tsakanin makarantun firamare kowace kaka. Ba a ce a bar ƙwallon ƙafa ba, amma Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.