Kanwar da muke aunawa, wa ya san cikinta?

Duk wadda ta taɓa kasa kaya a kasuwar Gabi ta san kanwa ba ta kwantai. Mai ɗanwake na nemanta, makiyayi na saya wa dabbobinsa, uwargida kuwa in babu ita miyar kuɓewa ba ta yi mata yauƙin da take so. To amma da me muke gane mai kyau? Ido da harshe kawai. A ɗaga a duba, a lasa, a yi ciniki.

Akwai masana da aikinsu ke nan, leƙa cikin gishiri da kanwa da duwatsu. Sun gano cewa ƙwayar gishiri gini ce, ƙananan abubuwan da ido ba ya gani sun jeru a cikinta sahu-sahu kamar tubali a bango. A 1913, a Ingila, William Bragg da ɗansa Lawrence suka fito da tsarin ginin gishiri ta hanyar haska shi da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, wanda mu nan muke ce wa radiyo (ba irin tamu ta surutu ba). A 1915 aka ba su kyautar Nobel. Yau da wannan dabara ana iya ɗaukar ɗan guntun kanwa a faɗi abubuwan da ke ciki.

Kanwa mai tauri, yawancinta wani ma'adini ne da masana ke kira tarona, ɗan'uwan bikarbonat da ake saye a kanti. Tun wajajen 1860 Ernest Solvay na ƙasar Beljiyam ya gano yadda za a haɗa irin wannan sinadari a masana'anta daga gishiri da farar ƙasa, ana yin sabulu da gilashi da shi. Tamu kuwa daga Mangari da Dallol Bosso da yankin tafkin Cadi take zuwa, da yashinta da gishirinta da duk abin da ƙasa ta haɗa mata.

Wani zai ce kakanninmu sun ci, ba su mutu ba. Haka ne, kuma ba mu ce kanwa guba ce ba. Amma mu mutanen jahar Maraɗi mun ga Tibiri. Ruwan pampon da aka fara sha a 1985 garau yake a ido, ashe sinadarin fuluwo ya yi masa yawa. Shi fuluwo shiga yake cikin ginin ƙashi da haƙori ya zauna a gurbin da ba nasa ba. Ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe, aka yi shekaru kafin a gane dalili. Harshe bai ji komai ba.

Saboda haka muke kira ga malaman kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da su sauko kasuwa. Su sayi jar kanwa da fara da ungurnu a Gabi da Madarunfa da Ɗan Isa, su auna, su gaya mana wadda ta dace da tukunya da wadda ta dace da garke, da yawan yashin da muke biya a kowace tiya. Kuma kada sakamakon ya tsaya a Faransanci cikin kundi. A kawo mana shi gidan rediyo, za mu karanta shi da Hausa ranar kasuwa.