Matafiyi, Ka Ratse Bikin Manoma

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma ba kowace tafiya ke buɗe ilimi ba. Mutumin da ya je Amurka, ya sauka a Niyok, ya ɗauki hoto a gindin dogayen benaye, ya dawo gida, ya ga birni ne kawai. A ganina, wanda yake son ya san mutanen ƙasar, to ya ratse ƙauye ranar bikin baje kolin amfanin gona.

Amurka tana da gundumomi fiye da 3,000, kuma da yawa daga cikinsu suna yin wannan biki sau ɗaya a shekara, galibi tsakanin watan Yuli da Satumba. Al'adar ta daɗe. A shekarar 1807, wani mutum mai suna Elkanah Watson ya ɗaure tumakinsa biyu a dandalin garin Pittsfield domin jama'a su gani. Mutane suka taru suna kallo. Ganin haka ya sa ya haɗa kan manoman gundumar Berkshire, suka kafa ƙungiya, kuma a 1811 suka yi biki inda aka raba kyaututtuka ga masu dabbobin da suka fi kyau.

Akwai manyan bukukuwa na jihohi. Na jihar Ayowa, alal misali, yakan tara mutane fiye da miliyan ɗaya. Ni dai ƙaramin na fi so wa baƙo. A babban taro, baƙo ɗan kallo ne, ba wanda ya san da zamansa. A ƙaramin kuwa, kowa ya san kowa, saboda haka da an ga sabuwar fuska sai a tambaye ta daga ina. Daga nan hira ta fara.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a gani shi ne rumfar dabbobi. A can za ka tarar da yara 'yan makaranta, yawancinsu 'yan ƙungiyar matasa ta 4-H. Kowane yaro ya shafe watanni yana kiwon maraƙi ko tunkiya ko akuya. Shi ke ba ta abinci, shi ke share mata wurin kwana, shi ke rubuta kuɗin da ya kashe. Ranar gasa sai ya wanke ta, ya taje mata gashi, ya jawo ta gaban alƙali. Alƙalin ba ya yanke hukunci a ɓoye. Yakan tsaya a gaban jama'a ya bayyana dalilin da ya sa wannan ta fi waccan. Wanda ya zo na ɗaya ya sami shuɗin ƙyalle, na biyu ya sami ja. Bayan haka akan yi gwanjon dabbobin da aka yi kiwonsu domin nama, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga yaro yana hawaye wajen rabuwa da dabbarsa. Mu malamai mun san cewa da wuya allo da alli su koyar da irin wannan darasi.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani: gasar ƙatuwar kabewa, gasar girki da ɗinki, taraktoci masu jan kaya, da lilon yara.

Wani zai ce ɓata lokaci ne. Akwai ƙura, akwai warin kashin shanu, abincin ma duk soye-soye ne masu tsada. Gaskiya ne. Sai dai a tuna cewa manoma ba su kai biyu cikin ɗari na al'ummar Amurka ba, ga shi kuwa su ke noma mafi yawan abincin da sauran ke ci. Ba a cika ganinsu a fina-finai ba, ba kuma za ka gamu da su a filin jirgin sama ba. Idan matafiyi ya wuce su, zai koma gida da rabin labari.

Ba sai an kwana ba, sa'a biyu ma ta isa. Ka biya kuɗin shiga, ka nufi rumfar dabbobi, ka gai da yaron da ke tsaye kusa da tunkiyarsa, sa'an nan ka tambaye shi sunanta da abin da take ci.