Kantin Nasara na da kati, shagon kakana fa?



Kwanan baya wani abokina da ke karatu a Faransa ya turo mini hoton wani tsohon katin wasiƙa, wanda muka fi sani da kart fostal. Talla ce ta wani kanti na zamanin mulkin mallaka: sunan kamfani ɓaro-ɓaro bisa ƙofa, Nasara tsaye da hularsa, gefe kuma mutanenmu ɗauke da buhuna. An rubuta sunan kamfani, an rubuta sunan gari. Masu dakon kuwa, ko ɗaya ba a san sunansa ba.

A Turai akwai masu tara irin waɗannan katuna, har kasuwa gare su. Ku leƙa shafin Delcampe, ku rubuta Zinder ko Niamey, ku ga yadda ake cinikin hotunan garuruwanmu da kuɗin Yuro. Ni ban ga laifinsu ba. Abin da muka raina ne suka adana.

Kamfanoni irin su CFAO da SCOA, waɗanda suka sayi gujiyar kakanninmu, ana tunawa da su har gobe. Mu fa? Kakana ya yi shekara talatin yana sayar da atamfa a Maraɗi, amma wallahi ko hoto ɗaya na shagonsa ba mu da shi.

Ga shi kuma gari ba ya jira. Ambaliyar 1945 ta tada tsohon Maraɗi, aka koma bisa tudu. Gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982, ta cinye ƙaramar a 2012. Duk shagon da ba a ɗauki hotonsa ba, ya tafi ke nan.

Na san wani zai ce: ana ta kai, wa ke ta kaya? Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Amma wayar da ke hannunka ta isa, ba sai ka kashe ko dala ba. Ka nemi izinin tela, mai shayi ko mai tireda na unguwarku, ka ɗauke shi a ƙofar shagonsa. Ka rubuta sunansa, unguwa da shekara. Ki tambayi inna ta buɗe miki tsohon akwati, ki kwafi hotunan da ke ciki tun gara ba ta riga ki ba.

Wancan karon wasu suka riƙe kyamara, aka bar mu ba suna. Yanzu tana hannunmu. In jikokinmu suka tarar da mu ba suna, wa za mu ɗora wa laifi?