Kafin ka sayi na'urar sa wa zoɓo gas, ka fara mallakar firji

Duk mai yawan leƙa TikTok ya ci karo da bidiyon nan: a ɗaura gora a jikin wata 'yar na'ura, a danna maɓalli, ruwa ya koma yana tartsatsi kamar lemon kwalba. Matashi mai sana'ar zoɓo ko lemon citta a Gyaɗi-Gyaɗi, mai kai wa 'yan kasuwar waya ta Farm Centre, zai hango ciniki a ciki, kuma ban ce babu ba. Amma a ganina, wanda ba shi da firji mai riƙe sanyi dare da rana, kuɗinsa kawai zai zubar.

Gas ɗin lemo iska ce da ake kira CO2, kuma ba ta zama a ruwa mai ɗumi. Ruwa mai sanyin digiri 4 yana shanye kusan ninki biyu na abin da mai digiri 25 zai ɗauka. To ka auna da Kano, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40. Wuta ta ɗauke da azahar, kafin magariba zoɓon ya yi ɗumi, kana buɗe gorar iskar ta fice.

Masu haɗa giya a gida a Amurka sun daɗe da gane wannan. Giya ba hurumin mu ba ce, amma tankin ƙarfen da suke amfani da shi, mai cin lita 19, asali na kamfanonin lemo ne. A firji suke ajiye shi, su wanke shi tas bayan kowane zubi, su sauya robar bakinsa idan ta tsufa, su shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo: inda kumfa ta tashi, nan iska ke zurarewa. Wannan wahalar ba a nuna ta a bidiyo. Sannan kamfanin SodaStream da kansa ya ce ruwa zalla ake sa wa gas a na'urarsa, daga baya a zuba kayan ɗanɗano. Ka kuma tambayi inda za a cika maka tukunyar iskar idan ta ƙare, tun kafin ka tura kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar kumburin gora a matsayin gas na kyauta. Zoɓo mai sukari da ya kwana a zafi, ya yi "tsss" da aka buɗe shi, tsami ya fara: ƙwayoyin yis ne ke cin sukarin suna fitar da iska tare da barasa. Kunun aya ya fi saurin lalacewa. Irin wannan zubarwa ake yi, ba a sayar wa mutane.

In jarinka kaɗan ne, sa shi a firjin sola da ƙaramin ma'aunin sanyi. Na'urar gas ta jira sai firjin ya nuna digiri 4 da asuba, bayan an kwana babu wuta.