Kafin ka sayi siririyar laftof, ka ji yadda muka kwashe da tawa

Tun da sabbin ɗalibai suka fara shigowa, mutum uku ke nan suna tare ni da tambaya ɗaya: "Yaya, wace laftof zan saya?" Kuma kowannensu hoton siririya yake nuna min a waya, irin wadda za ka rantse littafin rubutu ce. To bari in amsa a nan gaba ɗaya, don ni na saya, shekara uku ina fama.

Da na samu gurbin karatu a nan Legas, masara Baba ya sayar ya haɗa min kuɗin. Na je Computer Village a Ikeja, mai shago ya ajiye min guda biyu: wata baƙa mai kauri, da wata siririya ruwan azurfa. Ban tambayi komai ba sai nauyi. Na ɗauki siririyar ina jin kaina.

Zafi ne ya fara koya min hankali. Duk kwamfuta in tana aiki tana fitar da zafi, kuma fanka ce ke korar shi waje. In jiki ya sirance, fankar ma ƙarama ce, wasu ma babu ita sam, kamar MacBook Air ta 2020 mai M1. In zafin ya taru, na'urar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A ofis mai sanyi ba lallai ka lura ba. Amma ɗakinmu mu huɗu ne, ga zufar Legas a watan Maris, ga shi a kan katifa muke ɗora ta mu toshe mata hanyar iska. Sai ka ga ana tsakiyar aiki ta koma tafiyar hawainiya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne RAM. Tawa 8GB ce, ta ishe ni a aji ɗaya da aji biyu. Da muka shiga aji uku muka fara AutoCAD da MATLAB, sai ta fara nishi. Na kai wa mai gyara ya ƙara min, ya buɗe ya leƙa, ya ce an liƙe shi da dalma a jikin bod, ba a cirewa ba a ƙarawa. Abokina kuwa tsohuwar ThinkPad gare shi, a gabana aka kwance ta aka ƙara mata RAM kafin mu gama shan lemo. Wallahi ranar ban iya cewa komai ba.

Sai aka ce min ai maganin ƙaramin allo shi ne monita. Gaskiya ne inci 13 yana cin ido, wuya ma na sagewa saboda sunkuyo. Na tara kuɗi na sayi monita ta hannu mai inci 24, kuma ba zan ɓoye ba, akwai daɗi: littafi a gefe ɗaya, rubutunka a ɗaya gefen. Amma laftof ɗina ba ta da ramin HDMI, USB-C biyu ne kawai, ɗaya kuma na caja ne. Sai da na sayi adafta, ta farko ko wata biyu ba ta yi ba. A nan ne ma na gano ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, a ido duk iri ɗaya ne, sai an gwada.

Sannan monita ba ta da batir. Ana ɗauke wuta ta zama madubi. Karatun dare a aji muke yi, wa zai ɗauki inci 24 a ka ya tafi? In hutu ya zo, motar Kano kusan kwana guda ce a hanya, ba za ka cusa ta cikin buhunan mutane ba, sai dai ka bar wa wani amana kana ta addu'a.

Ranar gabatar da aikinmu na aji uku majigin ɗakin VGA ce da shi. Malamai na zaune, ni ina tsaye da adaftar HDMI a hannu kamar wanda ya zo da makullin gidan maƙwabci. Wata 'yar ajinmu ce ta ara min tsohuwar laftof ɗinta, Allah ya saka mata.

Kada a ce na yi mata rashin adalci. Ba ta da nauyi, batirinta na daɗewa, kuma in karatunka PDF ne da rubutu kawai, za ta yi maka. Amma ɗan injiniya ko mai karanta kimiyyar kwamfuta, wanda ya san ba za a sake sayar da masara saboda shi ba, ya tambayi abu uku kafin ya biya: ana ƙara RAM, ana sauya batir cikin sauƙi, akwai HDMI? Ka sa mai shagon ya jona ta da monita a gabanka, kada ka yarda da "za ta yi".

Ita monitar tawa, ina gama jarrabawar ƙarshe zan sayar. Mai so ya yi min magana, adaftar kyauta ce.