Ƙuri'ar Ɗan Arewa Mazaunin Kurmi

Duk sa'ad da zaɓe ya matso, tashoshin mota a Ikko da Badun da Fatakwal sukan cika maƙil da 'yan Arewa masu haramar tafiya gida. Wasu za su je jefa ƙuri'a inda suka yi rajista, wasu kuwa tsoron abin da ka je ya zo ne ya kore su. Sai a rufe rumfa, a bar zango da tsofaffi. In ƙura ta lafa su komo, su tarar an zaɓi gwamna da 'yan majalisar garin da suke cin abinci ba da hannunsu ba. Wanda ya hau kujera kuwa ya san waɗanda suka ɗora shi, ya kuma san waɗanda ba sa binsa bashin komai.

Dubi abin da ya auku a Ikko. Ran 1 ga Yuni na 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, bayan wata uku ta ƙara huɗu. Ba a musun haɗurra da fashin da aka ba da hujja da su. Amma da yawa daga masu wannan sana'a yaran Arewa ne, an kama baburansu an niƙe, ba su da wakilin da zai miƙe a majalisa ya tambayi abin da za su koma yi. Ina zai fito, alhali katinsu na Jigawa ne ko na Yobe?

Haka a kasuwar Sasa ta Badun cikin Fabrairun 2021. Cacar baki tsakanin mutum biyu ta zama gobara, aka yi asarar rayuka da rumfuna. Gwamnoni huɗu suka taso daga Arewa suka yi jaje, suka koma. Ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsada a Ikko, ya ruɓe a hannun manomi a Arewa. An gode wa kowa, amma fa wanda zai yanke maganar inda za a sake kafa rumfa hukumar jihar Oyo ce da ƙaramar hukumar Akinyele, watau waɗanda ake zaɓa a nan.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga iyaye da kakanni. An kafa Sabon Badun tun 1916, yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne da ba su san wani gida ba sai shi. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafillatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, ya kuwa samu kujerar ta hanyar zaɓe a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Bai same ta daga nesa ba. Zama ya yi da mutanen gari, ya shiga tarurrukansu, suka san shi ya san su. Tsarin mulkin 1999 ma ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so da mallakar gida a ko'ina, ya kuma hana nuna masa bambanci don ƙabila ko addini.

Masu cewa ƙuri'ar baƙo ba ta sauya komai su tuna da zaɓen shugaban ƙasa na 2023, inda tazarar da ke tsakanin Peter Obi da Bola Tinubu a jihar Ikko ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. Masu cewa akwai tsoro kuwa suna da gaskiyarsu, domin a zaɓen gwamna na wannan shekarar an razana masu zaɓe a wasu rumfuna, musamman 'yan ƙabilar Ibo. Ƙuri'a kuma ba laya ba ce: da ba ta ceci mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo cikin Maris na 2025 suna kan hanyar zuwa Salla ba. Sai dai mai ɗaurin gindi ga 'yan daba yakan yi lissafi kafin ya taɓa unguwar da ake zawarcin ƙuri'arta.

Ba a cewa ɗan ci-rani mai wata huɗu ya koma gona ya sauya rajista. Shi gidansa na can. Magana ana yi da mai iyali a nan, mai 'ya'ya a makarantar nan, wanda matarsa ke haihuwa a asibitin nan, mai biyan haraji da kuɗin tikiti kowace safiya. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, kuɗin motar zuwa Kano da dawowa ya zama abin da magidanci zai yi shawara da iyalinsa kafin ya kashe. Ya kashe shi kuma don ya zaɓi wanda ba zai gyara masa kwatar ƙofar gidansa ba.

Sarakunan Hausawa da limaman zango da shugabannin kasuwa su ne da wannan aiki, don rawani ba na tarbar 'yan takara da raba buhunan shinkafa ba ne kaɗai. Doka ta yarda mai kati ya nemi hukumar zaɓe ta INEC ta mayar da sunansa rumfar da ke kusa da inda yake zaune, kuma ba a biyan ko kwabo. Ana rufe wannan ƙofa watanni kafin ranar zaɓe, saboda haka ya kamata a riƙa sanarwa bayan sallar Juma'a, a kuma sa samari masu ilmi su raka waɗanda ba su iya cika takarda ba, har da matan gida, waɗanda su aka fi mantawa da su.